Darasi na 9: Nesa Ta Zo Kusa, Ƙara Girman Jadawali da Rage Shi a Kwamfuta da Waya

A darasin da ya wuce mun buɗe jadawalin lissafi, mun ga gidajensa a jere kamar gurabun dara, mun rubuta sunaye a layin farko, kuɗi a gabansu. Ranar da muka yi wannan darasi a ajinmu na yamma a nan Tawa, wata hajiya mai riƙe da asusun matan unguwarsu ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfuta. Ta ja baya, ta sake matsowa, sannan ta ce, "Malam, wannan rubutu kamar kiyashi. Ni ba ni ganin komi." Aji ya kwashe da dariya. Da na ce duk mai irin wannan matsala ya ɗaga hannu, sai ga masu dariyar su ma hannuwansu a sama.

Ba abin kunya ba ne. Daga wajen shekara 40 idon ɗan Adam yakan fara kasa ganin ƙaramin abu na kusa, domin ƙwayar da ke daidaita gani a cikin ido tana yin tauri da shekaru. Shi ya sa tsohon tela yakan miƙa wa yaron shago allura ya zura masa zare. Maganin ido yana wurin likita da tabarau. Amma shi jadawalin yana da tasa dabarar, wadda za ku iya jawo shi kusa ko ku tura shi nesa ba tare da kun motsa daga kujera ba. Da Faransanci da Ingilishi duka sunanta ɗaya, a kan allo za ku ga an rubuta Zoom. Mu a aji zum muke cewa, kuma haka zan riƙa rubutawa.

Abin da zum ke taɓawa da abin da ba ya taɓawa

Ku riƙe wannan tun kafin hannunku ya kai kan kwamfuta: zum ba ya taɓa lissafi. Ku ɗauka kuna wurin lodin albasa a Galmi. In kuka tsaya gaban buhu ɗaya za ku karanta alamar mai shi, har ku ga ɗinkin bakinsa, amma ba za ku san iyakar tarin ba. In kuka hau saman babbar mota za ku ga tarin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, amma alamar da ke jikin buhu ta ɓace muku. Hawa da sauka ba su ƙara buhu ko ɗaya ba, ba su rage ba. Haka zum yake. Jika biyar ɗin da kuka rubuta tana nan jika biyar, ko ta cika allo ko ta koma kamar ƙwayar gero.

Na nanata wannan ne saboda na ga abin da tsoro ke yi. Akwai dattijon da hannunsa ya zame, jadawalin gaba ɗaya ya ƙanƙance, sai ya ɗauke hannu kamar ya taɓa garwashi, ya ce, "Shi ke nan, na ɓata musu kuɗi." Bai ɓata komai ba. Nesa kawai ya tura takardar.

Ana auna zum da kashi cikin ɗari, da wannan alama: %. Girman asali shi ne 100%. A 200% kowane gida ya ninka biyu a tsaye, ya ninka biyu a kwance, don haka gidajen da za su shiga allo sun koma kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda kuke gani da farko. A 50% kuwa gidajen sun koma rabi ta kowane gefe, sai allo ya ɗauki ninki huɗu. Lamba ta hau, rubutu ya girma, abin da ake gani ya ragu. Lamba ta sauka, rubutu ya ƙanƙance, abin da ake gani ya yawaita.

Kuna iya tambaya me ya sa ba a yi jadawalin daidai da allo ba, kowa ya huta. Dalili shi ne faɗinsa ya wuce kowane allo. A Excel, manhajar jadawalin lissafi ta kwamfuta, tun daga na 2007 shafi ɗaya yana da layin kwance 1,048,576 da layin tsaye 16,384. Layukan tsaye suna farawa daga A, in sun kai Z su koma AA, AB, a haka har XFD. Abin da kuke gani a allo ɗan lungu ne na wani makeken fili. Ko jadawalin farko da ya yi suna a ƙananan kwamfutoci, VisiCalc, wanda ya fito a Amurka a 1979, ya fi allonsa girma, sai an gungura ake ganin sauran.

A kwamfuta, cikin Excel

Ku dubi can ƙasan allo, kusurwar dama. Akwai wani ɗan siririn layi, da alamar ragewa a hagunsa, alamar tarawa a damansa, da ɗan maɓalli a tsakiya, sannan lamba kamar 100%. Ku kai kibiyar linzami, wanda wasunmu ke kira kusu ko ɓera, kan alamar tarawa ku danna sau ɗaya. Lamba ta koma 110%. Ku sake, 120%. Kowane danni goma yake ƙarawa, alamar ragewa kuma goma take cirewa. In kuna sauri ku kama ɗan maɓallin tsakiya ku ja shi dama ko hagu. Iyakar Excel ta ƙasa 10% ce, ta sama 400%. In kun duba ba ku ga layin ba, wani ne ya ɓoye shi: ku danna maɓallin dama na linzami a kan sandar ƙasan, ku zaɓi Curseur de zoom, zai dawo.

Hanya ta biyu ita na fi so, kuma ita nake so ta zauna muku a hannu. A kusurwar hagu ta ƙasan maɓallan rubutu akwai wanda aka rubuta wa Ctrl. Ku danne shi da ɗan yatsan hagu, kada ku saki. Da hannun dama ku murza ƴar tayar da ke bayan linzami. In kun murza gaba jadawali ya matso, in kun murza baya ya ja da baya. A Excel kowane taki na tayar yakan tafi da 15: daga 100 zuwa 115, 130, 145, ko ƙasa zuwa 85, 70, 55. Nan ne ma asirin abin da ya sami dattijon nan yake, gefen tafin hannunsa ne ya kwanta a kan Ctrl yana murza taya don ya sauka ƙasa. Masu kwamfutar hannu da ba su da linzami, a yawancinsu in kun ɗora yatsu biyu a kan ɗan farantin shafawa kuka buɗa su ko kuka tsuke, zai yi aiki iri ɗaya.

Hanya ta uku tana sama, cikin jerin sunaye. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, sai ku danna Affichage. In taku ta biyo ta Konni daga Najeriya, da Ingilishi za ku same ta, kalmar ita ce View. A nan akwai maɓallai uku gefe da gefe. Na farko, Zoom, yana buɗe ɗan akwati mai zaɓi: 200%, 100%, 75%, 50%, 25%, da wurin da za ku rubuta lambar da kuke so da kanku. Na biyu an rubuta masa 100%. Wannan shi ne hanyar gida. Duk inda kuka ɓace, ku danna shi ku dawo girman asali. Na uku, Zoom sur la sélection, za mu zo kansa.

Tarkon da ya fi kama masu wayo

Wannan gargaɗi na matasan aji ne musamman, waɗanda suka saba da intanet. A manhajar shiga intanet irin Chrome, in ka danne Ctrl da alamar tarawa shafi yana girma, Ctrl da alamar ragewa ya ƙanƙance, Ctrl da 0 ya koma daidai. Sai mutum ya ɗauko wannan sabo ya kawo cikin Excel na kwamfuta. A can ma'anarsu daban ce sam. Ctrl da alamar ragewa umarnin gogewa ne. Ctrl da alamar tarawa na cusa sabon gida ne. Ctrl da 0 kuwa ɓoye layin tsayen da kuke ciki yake yi.

Wani saurayi, magatakardan ƙungiyar manoman albasa a ƙauyensu, ya nuna mana wannan a aikace ba da niyya ba. Ya danna lambar layi na 14 don ya nuna wa na kusa da shi sunan wani manomi, layin duka ya yi duhu, sai ya ce bari ya rage girma. Ya danna Ctrl da ragewa. Da yake layi sukutum ya zaɓa, Excel bai ma tambaye shi ba, manomin da buhunansa suka ɓace, na 15 ya hau ya zama na 14. Da gida ɗaya ya zaɓa, da ɗan akwati mai suna Supprimer ya fito ya ba shi damar danna Annuler. Abin da ya cece shi shi ne na kusa da shi ya lura jimillar ƙasa ta ragu. Na ce masa, "Ɗana, kada ka taɓa komi. Danne Ctrl, danna Z." Manomin ya dawo. Ku rubuta wannan a bangon littafinku da babban baƙi: Ctrl da Z suna warware abin da aka yi na ƙarshe.

Yaushe ake matsowa, yaushe ake ja da baya

Danna maɓalli abu ne na minti biyar. Sanin girman da ya dace da aikin da ke gabanku shi ne ainihin darasin, don haka mu ɗauki littafin hajiyarmu. Tsarin asusun mata na mako-mako ba baƙo ba ne a Nijar, Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ya fara a 1991 kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe. A ce ƙungiyarta mata 30 ce, kowace tana zuba sefa 500 a mako. Sunaye suna layin A, daga gida na 2 zuwa na 31, domin layin kwance na 1 na ranaku ne. Makonni 52 sun kwashe daga B har BA. Jimillar kowace mace tana BB. In kowa ta biya, mako ɗaya 15,000 ne, shekara 780,000.

Ranar zubi, mata suna zaune a tabarma, ana kiran suna ana miƙo kuɗi. A nan matsowa ake so, 130% ko 150%, har 200% in ido ya buƙata. Abin da kuke nema ku ga sunan da kyau, ku ga gidan da kyau, ku ƙirga sifirai. Kuskuren da ya fi yawa a littafin kuɗi na sifiri ne. Tsakanin 500 da 5000, ko 5000 da 50000, ɗan zagaye ɗaya ne, kuma a ƙaramin rubutu sifirai uku da huɗu kama suke yi wa ido. Ga shi a tsarin Faransanci ba waƙafi ake raba dubbai da shi ba, ɗan fili ake bari, 50 000, filin kuwa yana matsewa in rubutu ya ƙanƙance.

A nan bari in ɗan ratse. Mu a baki da dala muke ƙirga: 500 dala ɗari ce, 100 dala ashirin. Na sha ganin an ce "ɗari" mai rubutu ya sa 100 alhali 500 aka ba shi. Wannan ba zum ne zai gyara shi ba. Ku yanke shawara tun farko cewa duk abin da ke jadawali da sefa yake, ku rubuta haka a gidan A1 yadda kowa zai gani.

To, zubi ya ƙare, ana so a san wa ta biya, wa ba ta biya ba tun farkon shekara. Yanzu sai a hau saman mota. Ku sauko 60% ko 50%. Ba za ku iya karanta lambobin sosai ba, kuma ba karatu ake nema ba. Gurabun da ba kowa a ciki ake nema. Gidan da ba a cika ba yakan fito fari tas a tsakiyar baƙaƙe, kamar giɓi a baki. Lambar da ta fi ƴan uwanta tsawo ita ma tana tona kanta, in duk layin baƙi uku-uku ne sai ga guda mai huɗu, kun san sifiri ya yi yawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kun gano wurin daga nesa, sai ku danna shi, ku matso, ku gyara.

Nan ne maɓalli na uku ke da amfani. Ku danna gidan A1, ku riƙe, ku ja har BB31, duk wurin ya yi duhu, sannan ku danna Zoom sur la sélection. Excel da kansa zai lissafa girman da zai sa abin da kuka zaɓa ya cika allo daidai. Ga jadawali mai faɗin wannan zai sauka ƙasa da rabi. In ya wuce ƙasa da 40%, siraran zanen da ke raba gidaje sukan ɓace daga gani. Kada gabanku ya faɗi, suna dawowa in kun matso. Haka nan in gidaje shida kawai kuka zaɓa don nuna wa taron mata daga nesa, maɓallin zai kumbura su su cika allo, na bayan tabarma ma ta gani da idonta. Gani ya kori ji, kuma a sha'anin kuɗin jama'a wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsowa tana da nata lahani. In kuna 150% kuka gungura dama zuwa mako na 30, sunaye sun tsere hagu, ranaku ma sun haye sama in kun sauka ƙasa. Sai ku riƙa zuba kuɗin wata a gidan wata. Maganinsa a kafe layin sunaye da na ranaku. Ku koma farkon jadawali, ku danna gidan B2, ku shiga Affichage, ku zaɓi Figer les volets. Duk abin da ke sama da B2 da abin da ke hagunsa zai tsaya cak, saura su riƙa wucewa ta ƙarƙashi. Sai dai kada ku kafe layuka da yawa. In kun kafe biyar ko shida sannan kuka kai zum 200%, kafaffun za su cinye allon, ku yi ta murza taya kamar ba abin da ke motsi.

Abu ɗaya kuma game da Excel: kowane shafi da nasa zum. In kun ƙara girman shafin Janairu, na Fabrairu yana nan yadda yake. Kuma in kun adana fayil, girman yana bin sa. Wanda kuka aika wa zai buɗe ya tarar da shi yadda kuka bari. Ladabi ne ku mai da shi 100% kafin ku aika wa shugaban ƙungiya.

Google Sheets da LibreOffice

Su ma manhajojin jadawali ne irin Excel, ba sai mun daɗe a nan ba. LibreOffice Calc, wanda kyauta ake samunsa, yana da irin wannan ɗan layi a kusurwar dama ta ƙasa, kuma Ctrl da taya suna aiki. Google Sheets, wanda ya fito a 2006 kuma ta intanet ake buɗe shi, nasa a sama yake: a sandar kayan aiki za ku ga 100% da ƴar kibiya, in kun danna ta ba ku daga 50% zuwa 200%. Tazararsa ba ta kai ta Excel ba. Alherinsa shi ne in ku biyu kuna aiki a jadawali ɗaya, ɗaya a Tawa ɗaya a Yamai ko a ci-rani Abijan, girman da kuka zaɓa naku ne ku kaɗai, bai canza wa ɗayan komai ba.

A waya

Gaskiya yawancinku ba ku da kwamfuta a gida, a salula za ku buɗe jadawalin da aka turo ta WhatsApp, da Excel na waya, ko Google Sheets, ko WPS Office. Duk cikinsu hanyar ɗaya ce, kuma kun riga kun san ta, domin ita kuke yi wa hoton jika in kuna son ganin fuskarsa. Ku ɗora babban yatsa da manuni a kan gilashi, ku buɗa su, rubutu ya girma. Ku tsuke su kamar za ku ɗebi gishiri, ya ƙanƙance. Gungurawa kuwa da yatsa ɗaya ake yi.

Bambancin hoto da jadawali shi ne hoto ba ya ɓaci in kun taɓa shi, jadawali yana ɓaci. Yatsun biyu su sauka tare. In ɗaya ya riga ɗaya, waya takan ɗauka gida kuke zaɓa ko ja. In kuma kun ƙwanƙwasa gida sau biyu da sauri, maɓallan rubutu za su taso daga ƙasa, alamar waya na jiran ku canza abin da ke ciki. In ba nufinku ke nan ba, kada ku danna kowane harafi, ku nemi alamar soke ko ku danna komawa baya. In an riga an yi ɓarna, akwai ƴar kibiya mai lanƙwasa zuwa hagu, ita ce Ctrl da Z ta waya.

Hajiyarmu ta gano wani abu da kanta. Yatsunta na mai aiki ne, masu kauri, sai ta nufi gidan wata ta sauka a na ƙasa da ita. Ta ce, "Malam, wayar ga ba ta jin magana." Na ce, "Hajiya, ƙofar ce ta yi miki ƙanƙanta, buɗa ta." Da ta buɗa har gida ɗaya ya kai faɗin kan yatsanta, ba ta sake kuskure ba. Wannan ita ce ƙa'idata a waya: kada ku rubuta komai sai gidan ya kai girman kan yatsanku. A lokacin hunturu kuma, in fata ta bushe ta yi kaushi, gilashi yakan ƙi jin taɓi. Ku goge shi daga ƙura, ku ɗan murza yatsu su yi laushi.

Waya doguwa ce, jadawalin kuɗi kuwa mai faɗi ne. Ku kwantar da ita a gicciye, layukan tsaye da yawa za su shigo ba tare da kun rage girma ba. In kun kwantar ba ta juya ba, ku jawo saman allo ƙasa ku kunna Rotation automatique. Kafe layi ma ana yi a waya: a Google Sheets ku taɓa harafin A na sama ya zaɓi layin duka, ku sake taɓawa, a cikin zaɓin da zai fito ku nemi Figer.

Wanda ba jadawali kaɗai ke ba shi wahala ba, har sunayen mutane da saƙonni, ya shiga Paramètres na wayarsa ya nemi girman rubutu, Taille de police, ya ƙara. A kwamfuta mai Windows kuma akwai madubin ƙara girma, Loupe: maɓallin tambarin Windows da alamar tarawa suna kunna shi, maɓallin Windows da Échap suna kashe shi. Shi komai na allo yake kumburawa, ba jadawali kaɗai ba.

Abubuwa uku da ake rikitawa da zum

Na farko girman harafi. A sama akwai ɗan akwati mai lamba, a Excel yawanci 11, a Google Sheets 10. In kun mai da shi 20, kun canza takardar kanta: layuka za su yi tsawo, lambobi su daina shiga gidajensu, wanda kuka aika wa ma haka zai gani. In ido ne matsalar, ku bar harafi, ku taɓa zum.

Na biyu wannan alama: #####. In kun gan ta a gida, kuɗinku bai ɓace ba. Lambar ce ta fi gidan faɗi, shi kuma Excel ya gwammace ya rufe ta da ya nuna muku rabi ku karanta ba daidai ba. Wani lokaci canza zum yakan sa ta fito ko ta ɓace in gidan dama a matse yake, shi ya sa ake ɗora wa zum laifi. Gyaran na gaskiya shi ne ku kai kibiya kan iyakar da ke tsakanin haruffan sama, misali tsakanin BB da BC, ku danna sau biyu da sauri. Layin zai buɗe daidai da lambar da ta fi tsawo.

Na uku ya ci mini kuɗi da kaina. Na taɓa kai jadawali wani shagon buga takardu, na rage shi a allo har ya shiga gaba ɗaya, na ce wa yaron ya buga, ina jiran warƙa ɗaya. Inji ya yi ta amayo takardu, sunaye a wannan, kuɗi a waccan, kuma duk sai da na biya. Zum na ido ne, injin bugawa bai san da shi ba. Girman bugu yana wani wuri, cikin Mise en page. A can ake zaɓar Paysage don takardar A4 ta kwanta a gicciye, a kuma ce faɗin ya shiga shafi 1. Kafin ku ce a buga, ku nemi a nuna muku Aperçu avant impression, hoton yadda takardar za ta fito. Jadawalin mako 52 in aka matse shi a warƙa ɗaya ko matashi ba zai karanta ba, gara a raba shi wata uku-uku.

Aikin yi

Ku zauna biyu-biyu a kwamfuta ɗaya. Ku buɗe jadawalin darasi na 8. Na farko ya kai shi 150% da ɗan layin ƙasa, na biyu ya dawo da shi da maɓallin 100%. Ku sauya, wannan karon da Ctrl da taya. A kowane girma ku ƙirga layukan kwance nawa kuke gani, ku rubuta a littafi: nawa a 50%, nawa a 100%, nawa a 200%. Ku duba jimillar ƙasa kafin ku fara da bayan kun gama, ku gaya wa malami ko ta canza.

Sannan ɗaya ya juya baya, ɗayan ya goge kuɗin gida ɗaya, ya ƙara sifiri a wani. Wanda ya juya ya dawo ya nemo wuraren biyu, ya faɗi girman da ya yi amfani da shi wajen ganowa da wanda ya yi amfani da shi wajen gyarawa.

A gida, ku buɗe jadawalin da malami zai turo muku a waya. Ku kwantar da wayar, ku nemo suna na 23, ku buɗa har gidansa ya kai kan yatsanku, ku rubuta a takarda nawa ya zuba a mako na 4. Ku zo da takardar ranar Laraba, wanda kuma yake da tabarau a gida ya zo da su.